Mai Wankan Gawar da Aka Kira Birnin Ƙarƙas

A ƙarƙashin maƙabartar garin Tsaunin Bako akwai wani birni na aljanu da ake kira Ƙarƙas. Ɗan Adam ɗaya kaɗai aka san ya shiga ya fito, mace ce kuma, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sunanta Tasalla. Ni da na san yadda ta ƙare, da ma ba ta fito ba.

Tasalla mai wankan gawa ce. Shekara talatin da ɗoriya, duk macen da ta rasu a garin ita ake aika wa, ta zo da ƙwaryarta da ganyen magarya da kafur. Tsaunin Bako kuwa, in addinin ido da kunne ake nema, to an zo gidansa. Masallatai sun fi rijiyoyi yawa, kowanne da lasifika huɗu. Ko shagon aski ba a buɗewa sai an gayyato mai wa'azi ya yi addu'a an ɗauki hoto. Amma in za ka shiga salla, riƙe takalminka ka ajiye a gabanka, in ba haka ba da ƙafar Allah za ka koma gida. Tasalla ta fi kowa sanin garin, domin ita ke ganin sa ba riga, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Haka uwarta ta koya mata aikin: ki wanke, ki rufe, ki yi shiru.

Shekara biyu kafin wannan labari ta wanke Lauratu, matar Ustaz Hambali, shugaban Kwamitin Gyaran Tarbiyya, mutumin da in ya hau mumbari yana maganar lalacewar zamani har ƙarti ke share hawaye. An ce zazzaɓi ne ya kashe ta. Tasalla ta ga shatin yatsu a wuyanta, ta ji haƙarƙari biyu a karye. Ta ja likkafani ta rufe. Da Ustaz ya fito neman Sahura, 'yar Mati ƙanin Tasalla, malamar makaranta ce mai hankali, ita da bakinta ta ce ta ji ta gani. Duk da haka sai da ta zo ta zauna kusa da tsohuwar.

"Gwaggo, ke kika wanke matarsa. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Mai wanka ba ta da baki, 'yar nan."

Aka ɗaura aure. Wata biyar, sai ga Sahura ta gudo gida tana ɗingishi, ido a kumbure. Mati ya ce sharri ne da sangarta. Shi fa tun da ya zama surukin Ustaz a sahun farko yake salla, har sunansa ake kira a lasifika ranar Juma'a. Aka sa ranar Alhamis bayan la'asar manya su zauna a zaurensa a yi sulhu, kuma kowa ya san ma'anar sulhu a nan: a mayar da ita. Da hantsin ranar Sahura ta shigo ɗakin Tasalla ta durƙusa.

"Ni ba za su yarda da ni ba, Gwaggo. Ke ba ki taɓa magana ba, in kika yi dole a ji. Ki zo ki faɗi abin da kika gani a jikin Lauratu. In suka mayar da ni gidan nan, wallahi ke za ki wanke ni."

Tasalla ta yi kuka irin wanda rabon ta da shi tun rasuwar uwarta. Ta ce, "Zan zo. In Allah Ya kai mu la'asar, zan faɗa."

Rana ta take tsaka, gari ya yi tsit don zafi. Tasalla ta buɗe randa za ta ɗebi ruwan alwala, sai ta ga fuskar da ba tata ba tana kallon ta daga ciki. Ruwan ya tsage biyu, wata mace ta taso, doguwa har kanta na gogar rufin ɗaki, idanunta a tsaye suke ba a kwance ba.

"Aminci ya tabbata a gare ki, ya ke ma'abuciyar ƙwarya da kafur. Ni ce Zanƙama, baiwar Alƙali Ɗurgumu, babban malamin birnin Ƙarƙas. Matarsa ta amsa kira, kuma ya ce babu hannun da zai taɓa ta sai naki."

Tasalla ta karanta duk abin da ya zo bakinta, aljanar ta tsaya tana taya ta, har ta gyara mata aya ɗaya. Da ta ga haka sai ta ce, "Baiwar Allah, ina da alkawari da la'asar, rai ne a kai."

"Ubangidana ya yi rantsuwa zai dawo da ke inuwar bangon nan ba ta motsa ba. Ko ke ce za ki fara barin gawa a kwance don an kira ki a lokacin da bai yi miki ba?"

Nan aka kama ta. A duk shekarunta ba a taɓa kiran ta ga gawa ta ce a jira ba. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta ɗaure magarya da kafur a bakin zane, Zanƙama ta kama hannunta suka faɗa randar.

Suka yi ta gangarawa kan matakala ta ruwa, har suka ɓullo wani kwari mai faɗi da sararinsa ya yi kalar toka. Ba ciyawa, ba itace, sai baƙaƙen duwatsu suna zubowa daga sama, kowanne in ya faɗo sai ya fashe da ihu. Ɗaya ya sami Tasalla a kafaɗa, ta ji muryar Ustaz Hambali ta fito daga cikinsa tana cewa, "Ku ji tsoron Allah a kan mata!"

"Kifa ƙwaryar a kanki," in ji Zanƙama. "Wannan Kwarin Faɗuwa ne. Maganar da aka yi don Allah sama take tafiya. Wadda aka yi don a ce an yi, nan take faɗowa. A zamanin kakana sai a shekara ba a ji ɗaya ba. Yanzu daga garinku kaɗai tsauni uku suka tashi."

Ba su kai rabin kwarin ba sai wasu tsuntsaye masu haƙoran mutane suka rufe su. Suna sauka a kan ƙwaryar, suna leƙo fuskar tsohuwar, suna tambaya da muryar matan unguwa: "Me kika gani a jikin wance? Gaskiya ne matar wane da ciki ta mutu? Faɗa mana, ba za mu gaya wa kowa ba." Zanƙama ta ce duk wanda ya buɗe baki zare masa harshe suke yi. Tasalla ko gezau. Ai irin waɗannan tsuntsaye kullum tana gamuwa da su a gidan makoki, fiffike ne kawai ba su da shi.

Daga nan suka iso wani kogi mai ƙamshin kafur, ruwansa fari-fari, ba a hango ɗaya gaɓar. Duk ruwan da aka taɓa wanke gawa da shi a doron ƙasa nan yake taruwa. Babu kwalekwale, sai wata tsohuwar makara tana yawo a bakin gaɓa. Suka hau, ta kama tafiya da kanta. Tasalla ta leƙa ruwan ta ga fuskoki, da yawa ta san su, suna wucewa idanu a rufe cikin salama. A tsakiyar kogin makarar ta tsaya cak. Wani hannu mai sanyi ya fito ya riƙe idon sawunta.

"Inna Tasalla, kin gani," in ji muryar Lauratu. "Kin gani, kika rufe."

Hannun ya ja ta har ruwa ya kai mata ƙugu. Ta yi ta salati tana riƙe da katakon makarar. Zanƙama ta kwance gashinta ta tsula wa ruwan, ta daka tsawa da sunan ubangidanta, sannan hannun ya saki.

A ƙofar birnin suka tarar da mai gadi, wata halitta da ba ta da ido ko hanci, jikinta duk kunnuwa ne, manya da ƙanana, suna motsi. Ya tare hanya da mashi.

"Ya ke 'yar Adam, na ji ƙarar gwiwoyinki tun daga bakin kogi. Ba ni sirrin gawa ɗaya tak, ko na wadda ba ta da kowa, in mayar miki da ƙafafunki na shekara ashirin, in ƙara miki da haƙoran da kika zubar."

"Riƙe kayanka," in ji Tasalla. "Da gwiwoyin nan na zo, da su zan koma."

Mai gadin ya yi dariya har kunnuwansa suka yi ta kaɗawa. "Lallai ita ce. Ku buɗe mata!"

Tsohuwa ta ji kanta ya kumbura. Ta shiga tana taku ɗai-ɗai, a ranta tana cewa ashe amanarta har ƙarƙashin ƙasa an san da ita. Allah sarki Tasalla, da ta san abin da ake yabo.

Ta zaci za ta ga abin da ido bai taɓa gani ba, sai ta ga kamar ba ta bar gida ba. Hasumiyoyi na gilashi, kowace tana neman ta fi ta kusa da ita tsawo. Malaman aljanu da rawuna manya har sai bayi biyu sun tallafe. Kowa carbi a hannun dama, hannun hagu kuwa dafe da aljihu. Zanƙama ta ce a hankali, "Da ba haka muke ba. Daga sama abin yake tsiyayo mana."

Alƙali Ɗurgumu ya tarbe ta a ƙofar gidansa, gemunsa fari har ƙasa, hawaye na bin sa. Ya ɗaga hannu ya yi mata maraba, ta lura yatsunsa shida ne. Aka shigar da ita ɗakin gawar aka saki labule.

Matar doguwa ce ƙwarai, amma ba ta fi auduga nauyi ba. Tasalla ta jiƙa magarya, ta yi bisimilla, ta fara da dama kamar yadda aka saba. Da ta ɗaga haɓar, sai hannunta ya tsaya. A wuyan akwai ƙuna mai shatin yatsu, ta ƙirga, shida.

"Na ji ruwa ya daina zuba," in ji muryar Alƙali daga bayan labule. "To saurara, ya ke 'yar Adam. A birnin nan muna da wata tsohuwar al'ada da na kasa kashewa. In mai wanka ta fito, Sarki yakan tsaya a ƙofa ya tambaye ta abin da ta gani, sau uku, a gaban jama'a. Masu wankanmu bakwai na kira, kowace ta ƙi. Sai aka ba ni labarinki. Aka ce a Tsaunin Bako babu gidan babban mutum da ba ki rufa wa asiri ba."

Kunya ta rufe Tasalla, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ashe ba amana aka gani ba. An nemi wadda azzalumi zai kwana da hankali kwance ne in ta shiga gidansa, aka duba sama da ƙasa, aka samo ta.

"In na faɗa fa?"

"Za a kama ni, kuma gajeruwar hanya a hannuna take. Sai ki koma da ƙafa ta Hanyar Ƙaya, tafiyar shekara bakwai ce ga mai lafiyar gwiwa. In kuwa kika ce alheri kika gani, kafin ki ƙifta ido kina ɗakinki. An ce kina da alkawari da la'asar."

Ta ƙarasa wankan tana hawaye. Ta shafa kafur, ta naɗe likkafani. Shekara bakwai! Sahura ko wata bakwai ba za ta yi a gidan nan ba. Wannan kuwa ta riga ta mutu, magana ba za ta tashe ta ba. Tasalla ta ce a ranta, ƙarya ɗaya zan yi, ta ƙarshe, don in je in faɗi gaskiya inda take da amfani.

Ta fito ta tarar da aljanu sahu-sahu iya ganinta. Sarkin Ƙarƙas na tsaye a ƙofa, tsoho ne tukuf, sanye da farar riga ba ado.

"Ya ke mai wanka, ke baƙuwa ce, don haka zan fayyace miki. Ba ma tambayar ki aibin gawa. Tabo, ko cuta, ko abin da ta ɓoye tsakaninta da Mahaliccinta, wannan naki ne ki rufe har abada. Muna tambayar ki aikin hannun mai rai. Wancan asirin mamaci ne, wannan kuwa haƙƙinsa ne. Me kika gani?"

Maganar ta dake ta a ƙirji. Shekara talatin tana haɗa abu biyun nan a likkafani ɗaya, tana kiran su lada. Ta buɗe baki, sai fuskar Sahura ta faɗo mata.

"Alheri na gani."

"Me kika gani?"

"Alheri na gani."

Sarki ya dube ta. "Na uku, kuma babu na huɗu. Me kika gani?"

"Alheri na gani, ranka ya daɗe."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Alƙali ya shiga gaba ya ja sallar da kansa, muryarsa na rawa gwanin ban tausayi.

Ya cika alkawari, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Zanƙama ta goya tsohuwar, iska ta ɗebe su, sai ga su a gaban randa, inuwar bango tana nan inda take. Aljanar ta sauke ta, ta tsaya, hawaye na zuba daga tsayayyun idanunta.

"Yayata ce kika wanke. An ɗaure bakina da rantsuwar bauta sai na dawo da ke, yanzu ta kwance. Ba ki tambayi abin da ya sa masu wankanmu bakwai suka ƙi ba. A ƙofar gawa ta Ƙarƙas, wadda ta yi shaidar zur, kalmar da ta faɗa ita kaɗai ke rage mata a baki har ta mutu. Da kin faɗi gaskiya, ni da kaina zan goya ki a Hanyar Ƙaya, kuma ina da gudu. Ban ce za mu iso da la'asar ba. Amma za ki iso da bakinki."

Tasalla ta zabura za ta ce inna lillahi. Abin da ya fito shi ne, "Alheri na gani."

Zanƙama ta shige randa, ruwa ya rufe.

Tsohuwar ta gwada sunanta, ta gwada sunan Sahura, ta gwada Fatiha. A zuci komai na nan daram, amma da ya iso harshe sai ya juye. Karatu ba ta yi ba balle ta rubuta. Tana cikin haka aka kira la'asar daga lasifika arba'in a lokaci ɗaya. Ta ɗauki mayafi ta fita, tana fatan ko a gaban mutane abin zai sake ta.

Zauren Mati ya cika. Dattawa a kan tabarma, Ustaz Hambali a kan kujera, kansa a sunkuye yana jan carbi. Sahura na rakuɓe a bakin ƙofar cikin gida. Da ta ga gwaggonta sai ta miƙe, fuskarta ta washe.

"Baba, ga Gwaggo. Ita ta wanke Lauratu. Ku tambaye ta, don girman Allah."

Carbin Ustaz ya tsaya. Wani dattijo ya ce, "Tasalla, mun san ki ba mai magana ba ce. Amma tun da yarinya ta kafe, faɗa mana. Me kika gani a jikin marigayiya?"

Ta cije leɓe. Ta kama wuyanta da hannu biyu tana nuna musu, ta nuna Ustaz, ta buga ƙirji. Ta tattaro duk ƙarfinta ta yi ihu.

"Alheri na gani!"

"Alhamdu lillahi," in ji dattawa.

Ta girgiza kai, ta faɗi ƙasa tana birgima tana shaƙe kanta, kalmar na ta fita, sau biyar, sau goma. Mati ya ce tsufa ne. Wani ya ce a'a, wannan shafar aljanu ce, ku dubi idonta. Ustaz Hambali ya taso da kansa, ya dafa kanta ya yi mata tofi, mutane suna cewa kai, wannan bawan Allah akwai haƙuri, dubi wadda aka kawo ta ɓata shi. Sahura ba ta yi kuka ba. Ta dubi tsohuwar kawai.

"Gwaggo, har ke?"

Kafin magariba aka sa Sahura a mota, sai gidan Ustaz.

Tasalla ta je ƙofar gidan Ustaz ya fi sau ashirin, masu gadi suna kora ta, yara suna bin ta suna kwaikwayon kalmarta. Ta leƙa randa har ta gaji, fuskarta kawai take gani. Ranar kwana na hamsin da biyu, da safe, aka aiko Sahura ta rasu. An ce zazzaɓi ne. Mata suka ce ai Tasalla ta taɓu, a nemi wata, Ustaz ya ce a'a, ita dai, hannunta na da albarka.

Ta wanke 'yar ƙaninta a hankali, kamar ranar da aka haife ta, don ita ta yi mata wankan farko ma. Ta shafa kafur. Ta naɗe likkafani, amma ba ta ɗaure wajen kai ba. A waje jama'a sun cika layi har bakin titi, manyan gari sun iso da motocinsu, matasa sun ɗaga wayoyi suna jiran a fito da makara.

Ta fito tsakar gida ta hango Mati a bakin zaure ana yi masa ta'aziyya. Ta toshe bakinta da gefen mayafi don kada kalmar ta kuɓuce, ta ratsa maza, ta damƙi hannunsa. Ya yi ta fizgewa, ta ƙi saki, ta ja shi har cikin ɗakin. Ta yaye likkafanin, ta ɗaga haɓar Sahura, ta ɗora yatsunsa a kan shatin.

Mati ya gani. Ya durƙusa, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Ya daɗe a haka. Daga waje lasifika ta ce a daidaita sahu, ana neman mahaifin marigayiya, Malam Mati, ya matso gaba kusa da Ustaz.

Ya share fuskarsa da hannun riga. Ya ja likkafanin ya rufe wuyan 'yarsa, ya ɗaure da kansa, ya ƙulla sau biyu.

"Yaya," ya ce, bai dube ta ba, "jama'a na jira."